Yadda Za Ka Haɗa Situdiyon Kiɗan Wasannin Bidiyo, Tun Daga Ɗaki Har Cikin Wasan

Mai yi wa fim kiɗa ya san cewa a minti na uku da daƙiƙa 12 jarumi zai buɗe ƙofa, kuma ko sau dubu aka kalli fim ɗin, a nan zai buɗe ta. Mai yi wa wasan bidiyo kiɗa bai sami wannan gatan ba. Ɗan wasa, wato mai buga wasan bidiyon, yana iya tsayawa bakin ƙofar minti ashirin yana lalube, yana iya bankaɗe ta cikin daƙiƙa biyu, yana iya juyawa ya fasa shiga. Lokaci a hannunsa yake, ba a hannunka ba. Duk abin da za ka saya ko ka koya a wannan sana'a, daga nan ya kamata ya taso.

Shi ya sa abin yake yi mini ciwo in na ga mai farawa ya zuba duk abin da ya tara a sayen sautukan okestira, alhali ko sau ɗaya bai taɓa jin kiɗansa a cikin wasa ba. A 1985 Koji Kondo ya yi kiɗan Super Mario Bros. a kan na'urar da muryoyi biyar kacal take iya fitarwa a lokaci guda, kuma daga cikin biyar ɗin nan ake aron murya a fitar da ƙarar tsalle da ta tsintar kuɗi. Ƙarancin kaya bai hana shi ba, domin ya san inda kiɗan zai zauna. Ga jerin da nake ganin ya dace ka bi, kuma da gangan na jera shi haka.

Mataki na farko: gyara abin da kunnenka ke ji

Kafin kwamfuta, kafin manhaja, ka tabbata abin da ke shiga kunnenka gaskiya ne. In ɗakin yana yi maka ƙarya, duk hukuncin da ka yanke a kan sauti zai karkace.

In ba ka gyara ɗaki ba tukuna, fara da hedifon mai kyau. Iri biyu ne. Mai buɗaɗɗen baya, irin Sennheiser HD 600, shi ya fi dacewa da haɗa sauti, wato daidaita sautukan kayan kiɗa da juna, don ba ya kumbura kaurin amo kuma ba ya gajiyar da kunne da wuri. Mai rufaffen baya, irin Beyerdynamic DT 770 ko Sony MDR-7506, na ɗaukar murya ne, saboda sautin ba ya yoyo ya koma cikin makirufo. In guda ɗaya za ka iya mallaka, duba wanne aikin ka fi yi.

Lasifikun situdiyo kuwa, a ƙaramin ɗaki masu inci biyar sun wadatar, kamar Yamaha HS5. Manya a ɗaki ƙarami wahala suke ƙarawa. Ajiye tebur ka fuskanci gajeren bango, ka zauna daidai tsakanin bangon dama da na hagu, amma kada ka zauna a cibiyar tsawon ɗakin, domin a nan kaurin amo yake yawan ɓacewa. Tazarar da ke tsakanin lasifikun biyu ta zama daidai da tazarar kowace zuwa kanka, ƙaramin bakin lasifikar na sama ya zo saitin kunne.

Sannan ka nemi wani ya taimake ka da madubi. Ka zauna a kujerar aiki, shi kuma ya riƙa jan madubin a jikin bangon gefe. Duk inda ka hango lasifika a cikin madubin, nan sauti ke bugawa ya dawo kunnenka, nan za ka manna abin shanye sauti. A yi shi da kauri, allo mai cike da audugar dutse kamar santimita 10. Kusurwoyin ɗaki ma a cika su, don a nan kaurin amo ke taruwa. Siririn soso da kiret ɗin ƙwai da ake liƙawa a bango sirarran sautuka kawai suke taɓawa, su bar ka da ɗaki mai gunji.

Mataki na biyu: kwamfuta

Abu uku za ka duba. Na ɗaya RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, domin manyan rumbunan sauti (tarin sautukan kayan kiɗa da aka riga aka ɗauka) a nan suke zama yayin aiki: 16 GB za ta kai ka in kiɗan lantarki kake yi, amma mai okestira ya nemi 32 zuwa 64. Na biyu ma'ajiya, ta zama mai sauri irin wadda ake kira SSD, kuma in da hali rumbunan sauti su sami tasu daban. Na uku shi ne wanda makaɗa ke mantawa da shi: kwamfutar ta iya kunna wasan kansa. Masu gina wasa za su riƙa turo maka shi tun yana ɗanye, yana tsinkewa, kuma galibi na Windows suke fara fitarwa. In Mac kake aiki da ita ba laifi, amma ka tanadi hanyar kunna abin da za su turo. Ka kuma saurari fankar kwamfutar kafin ka saya. Mai ƙugi za ta cinye maka duk wani sauti mai laushi.

Mataki na uku: akwatin sauti, kibod da makirufo

Akwatin sauti shi ne mahaɗar kwamfuta da lasifiku da makirufo. Mai ƙofar shigar da sauti biyu, irin ƙananan Focusrite Scarlett ko Audient, ya ishi mutum ɗaya shekaru. Abin da ya fi yawan ƙofofi muhimmanci shi ne direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da shi, ya zama tsayayye. A Windows ka tabbata manhajarka tana amfani da direban ASIO na akwatin.

A nan za ka haɗu da jinkiri, wato tazarar da ke tsakanin danna kibod da jin sauti. Kwamfuta tana sarrafa sauti ne ƙunshi-ƙunshi, kai ne ke zaɓar girman ƙunshin. In kana aiki a ɗigon sauti 48,000 cikin daƙiƙa, ƙunshin ɗigo 128 bai kai milisakan uku ba, na 256 ya ɗan haura biyar, na 1024 kuwa ya wuce 21, wanda yatsu za su ji. Don haka lokacin bugawa ka sa 128 ko 256, lokacin haɗa sauti ka ɗaga zuwa 1024 kwamfuta ta sami numfashi. In ka fara jin ƙas-ƙas a cikin sauti, nan za ka fara dubawa.

Kibod ɗin MIDI shi kansa ba ya fitar da sauti, umarni kawai yake aikawa: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, daga 0 zuwa 127. Tun 1983 ake kan wannan tsari. Mai maɓalli 49 ko 61 ya isa, mai 88 na wanda fiyano ce sana'arsa ne. Abin da ba zan yarda ka rasa ba shi ne ɗan wilin nan na gefen hagu. Shi ke aika umarni mai lamba 1, kuma a yawancin rumbunan okestira da shi ake sa goge ko ƙaho ya taso daga raɗa zuwa amo. Umarni mai lamba 11 kuma yana daidaita yawan sautin a cikin jimla. Goge da aka danna aka bari a miƙe ba motsi, ko yaro ya ji ya san inji ne. Ka saba da bugawa da dama, hagu tana kan wili.

Makirufo guda ɗaya ya isa. Shure SM57 yana jure komai. Masu laushin ji, irin Rode NT1, suna buƙatar wutar 48V daga akwatin sauti, kuma suna kwaso duk motsin ɗaki. Amfaninsa ya wuce waƙa: sarewa ɗaya ta gaske da mutum ya busa a saman kayan kwamfuta tana raya kiɗan gaba ɗaya.

Mataki na huɗu: manhajar aiki

Zaɓi ɗaya ka zauna a kanta. Cubase, ta kamfanin Steinberg na Jamus, ta yi suna wajen sarrafa MIDI, shi ya sa masu okestira ke son ta. 'Yar'uwarta Nuendo tana da hanyar tura sauti kai tsaye zuwa Wwise, wanda za mu zo kansa. Logic Pro ta masu kayan Apple ce. FL Studio da Ableton Live sun fi sauri a kiɗan lantarki. Reaper kuwa ita ce masu sautin wasanni da yawa suka runguma, kuma dalilin a fili yake: kana iya yanka aikinka yanki-yanki, ka raɗa wa kowane yanki suna, ka fitar da fayil hamsin da dannawa ɗaya, kowanne da sunansa. A aikin da kiɗa ɗaya kan fashe ya zama fayil ashirin, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da yau nake farawa, ita zan ɗauka.

Kowace ka zaɓa, saita aikin a 48 kHz (ɗigo 48,000 ɗin nan cikin daƙiƙa) da 24-bit (ma'aunin zurfin kowane ɗigo) tun ranar farko, ka riƙa fitarwa a WAV, nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba, sai fa in masu wasan sun nemi wani abu daban.

Mataki na biyar: sautukan da za ka yi kiɗa da su

Nan ne kuɗi ke zurarewa, don haka a yi sannu. Yawancin rumbunan sauti a cikin Kontakt, manhajar kunna su ta kamfanin Native Instruments, suke aiki, kuma akwai tarko: Kontakt Player na kyauta rumbunan da aka yi wa rajista da shi kaɗai yake kunnawa sosai, sauran sai ya yanke bayan ɗan lokaci. Karanta wanne rumbun yake buƙata kafin ka biya. Spitfire Audio ta Landan, Orchestral Tools ta Balin, da Vienna Symphonic Library duk manya ne a fagen okestira, kuma Spitfire ta fitar da ƙaramin BBC Symphony Orchestra Discover kyauta don masu koyo. A ɓangaren sautin lantarki, Vital yana da na kyauta mai ƙarfin gaske. Mai sha'awar kiɗan tsofaffin na'urori ya duba FamiStudio, wadda ke ɗaure ka da muryoyi biyar ɗin nan na zamanin Kondo. Makaranta ce mai kyau.

Shawarata, okestira ɗaya, na'urar sautin lantarki ɗaya, rumbun ganguna ɗaya, ka san su ciki da bai. Sannan ka shirya shimfiɗar aiki: kowane kayan kiɗa a layinsa, an tara su gida-gida, goge waje ɗaya, ƙahoni waje ɗaya, ganguna waje ɗaya. Kowane gida ka ba shi amsa-kuwwarsa daban. Za ka ga amfanin haka nan gaba kaɗan. Ka kuma karanta lasisin rumbun, domin galibi sun yarda ka sa sautin a cikin kiɗa, amma ba su yarda ka miƙa shi tsuransa ba.

Mataki na shida: rubuta kiɗan da zai iya lanƙwasa

Duk abin da ya gabata, mai kiɗan fim ma zai yi shi. Daga nan hanya ta rabu.

Abu na farko shi ne kewaye, wato kiɗan da in ya kai ƙarshe zai koma farko ba tare da kunne ya ji ɗinkin ba. Lissafi ne kafin ya zama fasaha. A saurin bugu 120 cikin minti, gaɓa mai bugu huɗu daƙiƙa biyu ce cif, ɗigo 96,000 ke nan a 48 kHz. Gaɓa takwas daƙiƙa 16, ɗigo 768,000. Fayil ɗinka ya tsaya a nan, ba ƙari ba ragi. Matsalar ita ce wutsiya: bugun ƙarshe yana da amsa-kuwwar da ke ci gaba bayan gaɓar ta ƙare, in ka datse ta kiɗan zai yi kamar an rufe masa baki. Magani biyu ne. Ko dai ka jera kiɗan sau biyu a jere ka fitar da zagaye na biyu kaɗai, don farkonsa ya riga ya ɗauki wutsiyar na farko, ko kuma ka fitar da shi da wutsiyarsa ka bar manhajar tsakani, mai kunna kiɗan a cikin wasa wadda za mu zo kanta, ta ɗora ta a kan sabon zagaye. Kuma kada ka miƙa kewaye a MP3. Tsarin yana ƙara ɗan shiru a farkon fayil, ɗinkin ya fito fili.

Na biyu, hawa-hawa. Ka rubuta kiɗa ɗaya amma ka raba shi bene uku. Na ƙasa mai natsuwa ne, na lokacin da ɗan wasa ke yawo. Na tsakiya yana shigo da bugun da ke sa gaba faɗuwa, na lokacin da abokin gaba ya matso. Na sama ganguna ne da ƙahoni, na lokacin arangama. Dukansu tsawo ɗaya, saurin bugu ɗaya, tushen murya ɗaya, tare suke tafiya, wasan ne ke ɗaga wannan ya sauke wancan. Ga inda raba amsa-kuwwa ya yi rana: in ganguna suka sauka, kuwwarsu ma ta tafi da su, kada ta maƙale a cikin benen natsuwa. Gwajin da nake yi shi ne in saurari benen ƙasa shi kaɗai, domin shi ɗan wasa zai fi daɗewa yana ji. In bai tsaya da ƙafarsa ba, sauran ba za su cece shi ba.

Na uku, yanki-yanki. Maimakon ɗora bene kan bene, sai ka rubuta sassa daban-daban, da 'yan gajerun gadoji da ke ƙetarar da kunne daga wannan zuwa wancan. Dabarar ta daɗe. Michael Land da Peter McConnell na LucasArts sun gina tsarin iMUSE da aka fara ji a Monkey Island 2 a 1991, inda kiɗa ke sauyawa a natse yayin da ɗan wasa ke shiga wannan gida yana fita wancan. Abin lura shi ne ka bar ƙofofin fita da yawa. In sai bayan gaɓa 16 kiɗanka zai iya sauyawa, ɗan wasa zai gama faɗa ya tsaya, ganguna na ta tashi a kansa har rabin minti. Ka rubuta yadda za a iya fita duk bayan gaɓa ɗaya ko biyu.

Sai 'yan gajerun kiɗa na daƙiƙa biyu zuwa biyar, na nasara, na mutuwa, na tsintar abu mai daraja. A rubuta su yadda za su zauna a kan duk abin da ke tafiya a ƙasa ba tare da karo ba. Kuma kada ka ji tsoron shiru. Waje ne da kunne ke hutawa, har in kiɗan ya dawo a ji daɗinsa.

Mataki na bakwai: manhajar tsakani

Tsakanin manhajar kiɗanka da injin wasa, irin Unity, Unreal ko Godot, akwai mai shiga tsakani. Biyu ne suka fi shahara: FMOD na kamfanin Firelight Technologies da ke Ostareliya, da Wwise na Audiokinetic da ke Kanada, wanda Sony ta saya a 2019. Dukansu ana koyonsu kyauta. FMOD ya fi saurin shiga hannun makaɗi don fuskarsa ta yi kama da manhajar kiɗa. Wwise ya fi zurfi, manyan wasanni da yawa da shi ake yi, kuma yana da darussa a shafinsa, ciki har da Wwise-201 da ya keɓanta ga kiɗa mai sauyawa.

Ga aikin farko da za ka yi a FMOD. Buɗe sabon aukuwa, wato mazubin sautin da wasan zai kira, ka jera benayenka uku kowanne a layinsa, ka shata iyakar kewaye. Saka alamar saurin bugu don manhajar ta san inda gaɓoɓi suke. Ƙirƙiri ma'auni guda, ka sa masa suna hatsari, daga 0 zuwa 100. Ɗaure ƙarfin benen tsakiya ya fara tasowa daga 30, na sama daga 70. Kunna, ka riƙa jan ma'aunin da hannu kana saurare. Ranar da ka fara jin kiɗanka yana amsa hannunka haka, tunaninka a kan rubuta kiɗa zai sauya. Daga nan ka sa ma'aunin ya riƙa hawa da sauri amma ya sauka a hankali, domin tsoro nan take yake zuwa, natsuwa kuwa sai a sannu. Abin da ya rage wa mai rubuta lambobin wasa shi ne ya gaya wa ma'aunin nan yawan hatsarin da ake ciki. Ku zauna tun wuri ku daidaita sunayen ma'aunai, harafi ɗaya in ya saɓa komai zai yi tsit.

Ko da wani ne zai saka kiɗan a wasan ba kai ba, ka koyi wannan. Makaɗin da ya san yadda za a yi amfani da fayilolinsa ba ya miƙa abin da za a dawo masa da shi.

Mataki na takwas: ƙarfin sauti, miƙa aiki da gwaji

Kada ka matse kiɗan wasa ya yi ƙara kamar waƙar rediyo. Yana zama ne tare da magana, takun ƙafa, harbi da iska. Shawarar Sony ga wasannin na'urar gida ita ce sautin wasan gaba ɗaya ya tsaya wajen -24 a ma'aunin LUFS, na hannu kuma wajen -18. Ɗora ma'auni irin Youlean Loudness Meter a ƙarshen layinka, ka bar sarari. Ka kuma rage cunkoso a tsakiyar sauti, inda muryar ɗan Adam ke zama, don kada a dinga danne kiɗanka duk lokacin da wani ya buɗe baki.

Sunan fayil ya faɗi komai: wuri, bene, saurin bugu, lambar gyara. Ka ajiye aikinka a wuri uku, ɗaya ba a cikin ɗakin ba. Riga-kafi ya fi magani. Wasa kan ɗauki shekaru ana gina shi, kuma ana iya dawowa bayan wata goma a ce a ƙara gaɓa huɗu a kiɗan daji, don haka kowane layi ka fitar da shi a matsayin sauti ka ajiye, ko da ƙaramar manhajar da ta samar da sautin ta daina aiki.

Na taɓa miƙa kiɗan faɗa da na yi alfahari da shi, a situdiyo yana girgiza ƙirji. Da na kunna wasan sai na tarar faɗan farko daƙiƙa takwas ne, shi kuwa kiɗan sai a daƙiƙa ta 20 yake kai inda na zuba duk ƙarfina. Babu ɗan wasan da zai taɓa jin wajen. Tun daga ranar, kafin in danna maɓalli ɗaya sai na ɗauki hoton bidiyon wasan da OBS Studio, na auna tsawon kowane yanayi, na jawo bidiyon cikin manhajar kiɗa.

In kiɗan ya shiga wasa, haɗa FMOD ko Wwise da wasan yana gudana, dukansu suna ba ka damar gyara ƙarfi da sauyi kana cikin bugawa. Sannan ka buga wasan kamar wanda bai iya ba. Shiga faɗa ka gudu, ka dawo, ka sake gudu. Tsaya a kan iyakar wurare biyu kana taka nan kana taka can, ka ji ko kiɗan zai rikice. Dakatar da wasan daidai lokacin sauyi. Mutu sau goma a jere ka ji ko kiɗan mutuwar ya fara isar ka. Saurara a lasifikar talabijin, a ta waya, da kuma kunne ɗaya na hedifon, domin a haka mutane da yawa za su ji shi. Daga ƙarshe ka ajiye ɗan wasan a wuri ɗaya, ka bar kiɗan yana kewayawa rabin awa kana wani aiki, ka rubuta mintin da ya fara damun ka da kuma sautin da ya jawo hakan. Sau da yawa wata 'yar karin murya ce mai kaifi da ke dawowa a waje ɗaya kowane zagaye. Cire ta daga babban fayil, ka mai da ita nata daban, ka sa manhajar tsakani ta riƙa sako ta sau ɗaya cikin zagaye uku ko huɗu, sannan ka sake kunna wasan ka saurara.